Taya ta fara suɗewa: a canza yanzu ko a ƙara lallaɓawa?

Duk nauyin mota, da na mutanen da ke ciki da kayansu, a kan wurare huɗu yake zaune, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da wani abin kirki ba. Nan kaɗai mota take taɓa ƙasa. Birki komai kyansa ƙafar mota yake riƙewa, taya ce ke riƙe kwalta. Matsalar ita ce taya ba ta kuka idan ta gaji. Yadda ta mirgina jiya haka za ta mirgina yau, sai ranar da yaro ya gifta a jiƙaƙƙen titi aka danna birki, sannan za a san abin da ya rage a jikinta.

Masu mota sun kasu biyu a kan wannan magana. Wani da ya ga zane ya ja baya sai ya cire ya huta. Wani kuma ya ce da kuɗinsa ya saya, sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Su kansu kamfanonin da ke ƙera tayar ba su zama tsintsiya ɗaya ba: Continental ta yi shekaru tana ba da shawarar a canza idan zurfin zane ya sauko milimita 3, Michelin kuwa ta daɗe tana cewa a ci gaba da amfani da taya har milimita 1.6. Kafin a zaɓi ɓangare, sai an san aikin da zanen yake yi.

Zanen taya don ruwa aka yi shi. A busasshiyar kwalta roba ce ke kama ƙasa, shi ya sa motocin tseren Formula 1 suke gudu da tayoyi sumul marasa zane muddin fili a bushe yake. Amma idan ruwa ya kwanta a titi, dole taya ta ture shi gefe kafin roba ta sami ƙasa, kuma waɗannan kwaruruwan da ke fuskar taya su ne magudanan da ruwan ke bi ya fita. Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da zurfin wajen milimita 8. Kullum tana cinyewa, zurfin magudanan na raguwa. Idan ruwan ya fi ƙarfin abin da ya rage, ko gudu ya yi yawa har ruwa bai sami damar fita ba, sai taya ta hau kan ruwan gaba ɗaya. Direban da abin ya taɓa samu ya san alamar: sitiyari ya yi sakayau a hannu, a murza shi mota ba ta amsawa, a taka birki ba labari. Ta zama kwalekwale.

Doka a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya ta tsayar da milimita 1.6 a matsayin iyaka, yawancin jihohin Amurka ma kusan haka ne, sai dai su da inci suke aunawa. Ba sai ka haddace lambar ba, domin masu ƙera taya sun sa alama a jikinta. Leƙa cikin manyan kwaruruwan, za ka ga wasu 'yan tudun roba sun gitta kamar gada. Tsayinsu milimita 1.6 ne. A kafaɗar taya akwai ɗan alwatika ko haruffan TWI da ke nuna daidai inda suke. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da waɗannan tudun, magana ta ƙare.

To, tsakanin 3 da 1.6 ne gardamar take. Hujjar masu cewa 3 ita ce raguwar kamun taya a ruwa ba a hankali take tafiya har ƙarshe ba. Daga 8 zuwa 4 bambancin ba shi da yawa, amma daga wajen 3 zuwa ƙasa tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya a jiƙaƙƙen titi tana ƙaruwa da sauri, gudun da taya ke fara hawa ruwa kuma yana saukowa. A wurinsu, 1.6 layin da 'yan doka za su kama ka ne idan ka tsallake, kuma mai hankali ba ya jira sai ya kai bakin layin. Hujjar Michelin kuwa ita ce taya mai inganci an tsara ta ne ta yi aiki har ƙarshen zanenta, kuma tayar kirki da ta cinye tana iya fin sabuwa maras inganci tsayawa a ruwa. Ta ƙara da cewa tayar da ta ɗan cinye ba ta cin mai kamar sabuwa, kuma cirewa da wuri asarar kuɗi ce da tara tulin roba a bola. Lissafin ma a bayyane yake: daga 8 zuwa 1.6 milimita 6.4 ke nan na amfani, wanda ya cire a 3 kuwa 5 kawai ya mora. Ya yar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saya.

Kowanne da gaskiyarsa, kuma kowanne da kasuwarsa. Mai cewa a canza da wuri zai fi sayar da taya, mai cewa tasa tana kaiwa ƙarshe yana tallar tsadarta ne. Saboda haka ni ba na tambayar wa ya fi gaskiya, ina tambayar wane irin tuƙi mutum yake yi. Wanda ke bin manyan hanyoyi da gudun kilomita 100 zuwa sama, a wurin da ake sheƙa ruwa har ya kwanta a titi, ko wanda tayarsa dama ba ta wani sanannen kamfani ba ce, ya cire a 3 kada ya yi ciniki da kansa. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce, ba ya wuce 50 ko 60, yanayi a bushe, taya kuma mai suna ce, yana iya ja har wajen 2. Amma daga nan ya fara tanadin kuɗi, ba wai ya jira tudun nan su fito fili sannan ya fara tunani ba. Idan kuma lokacin ruwa na ƙaratowa taya tana kan 3, lokacin ya yanke hukunci. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara shawarar ta fi haka tsauri, tayar hunturu a milimita 4 ake son cire ta.

Kada kuma misalin motar tsere ya ruɗi mai suɗaɗɗiyar taya ya ce ai shi ba ya fita cikin ruwa. Tayar tsere da gangan aka yi ta sumul, da irin robarta. Taka kuwa ƙarewa ta yi, abin da ya rage tsakanin kwalta da wayoyin ciki fata ce siririya, ƙaramar ƙusa ko tsinin dutse ya ishe ta.

Awon zane ba da ido ake yi daga tsaye ba. Akwai ɗan ma'auni mai kamar allurar sirinji da ake tsoma tsininsa a cikin kwari, ba shi da wuyar samu. A auna wuri uku a faɗin taya, ciki da tsakiya da waje, a kuma zagaya a sake a wani wurin. Mafi ƙanƙantar lamba ita ce gaskiyar tayar. Gefen ciki shi ne maƙetaci, don ba a ganinsa. Ka murza sitiyari har ƙarshe ka duƙa ka leƙa; sau da yawa taya daga waje kamar sabuwa, ta ciki kuwa waya ta fito. Yadda ta cinye ma labari yake ba ka. Idan tsakiya ce ta ƙare gefuna na nan, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya na nan, an daɗe ana tafiya da ƙarancin iska. Gefe ɗaya kawai, alaimen, wato saitin ƙafafun mota, ya goce. Idan kuma ka shafa ka ji tudu da kwari a zagayen taya, a duba shokozoba da balansin. Wanda ya sa sabuwar taya bai gyara abin da ya cinye tsohuwar ba, wata shida zai dawo da irin kukan.

Duk wannan a kan zane ne, kuma zane shi kowa ke kallo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shekaru.

Roba tana tsufa ko an tuƙa ko ba a tuƙa ba. Iska da rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara 'yan tsage-tsage a kuiɓi da cikin kwaruruwa, kuma mannewar da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen da ke ciki ta yi rauni. Wannan na ƙarshen ba a ganinsa daga waje. Ranar da zai bayyana ita ce ranar doguwar tafiya, mota cike da kaya, kwalta ta ɗau zafi, sai fuskar taya ta saɓule kamar ɓawon itace a tsakiyar gudu. Amurkawa sun ga irin wannan saɓulewar a shekarar 2000, lokacin da Firestone ta janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer. Can matsalar ta haɗa da aibin ƙira, amma an lura haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi, kuma ƙarancin iska na ƙara rura wutar. Daga nan ne aka yi dokar da ta kai ga tilasta sa na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motoci a ƙasar.

Sanin shekarun taya abu ne mai sauƙi. A kuiɓinta akwai layin rubutu da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, idan ba ka gani a waje ba tana ciki. Idan ka ga lambobi uku maimakon huɗu, an yi tayar ne kafin 2000, ba ta da wurin zama sai a zagaye shuka da ita.

A nan ma an sami saɓani. Wasu masu ƙera motoci, Ford na cikinsu, sun ce shekara shida a canza ko da zane na nan. Michelin ta ce daga shekara biyar a riƙa kai wa masani ya duba duk shekara, idan ta kai goma daga ranar ƙira a cire, har da safaya. Birtaniya ta mayar da goman doka a 2021 ga ƙafafun gaba na manyan motocin kaya da bas-bas. Bambancin shida da goma, a ganina, bambancin yanayi ne. Motar da ke kwana a rumfa a ƙasa mai sanyi tayarta za ta iya kaiwa kusa da goma. Wadda ke wuni a rana a wurin da kwalta ke ƙona tafin ƙafa, shida ma ta yi ƙoƙari.

Yanzu a ɗora tayoyi biyu a gabanka. Ta farko shekararta takwas, an ciro ta daga motar da ba a cika fita da ita ba, zanenta milimita 6, an goge ta tana ƙyalli. Ta biyu shekararta biyu, ta sha hanya, saura milimita 3. Mutum tara cikin goma ta farkon za su nuna. Ni kuwa idan doguwar tafiya ce cikin zafi, ta biyun zan hau. Lalacewarta a fili take, ina iya aunawa, na kuma san maganinta: idan aka fara ruwa in rage gudu. Ta farkon kyan ɗan maciji ne, ba ni da hanyar sanin abin da ke cikinta, kuma fashewar taya a gudu ba ta ba da lokacin shawara. Safayar da ke kwance a but tun ranar da aka sayi mota ma wannan hukuncin ya hau kanta.

Akwai lahanin da ba ya buƙatar awo ko lissafin shekaru. Kumburi a kuiɓin taya, irin wanda ke fitowa kamar ƙwai bayan an faɗa rami ko an daki bakin titi, alama ce zaren ciki ya tsinke, iska ce kawai ke tura roba. Ba a gyara shi. Haka yanka mai zurfi a kuiɓi, haka waya ko zare da ya leƙo, haka tayar da aka yi tafiya a kanta bayan ta sace gaba ɗaya, don cikinta ya riga ya niƙe ko da waje bai nuna ba. Faci yana da hurumi ne idan hudar tana tsakiyar fuskar taya, nesa da kafaɗa, kuma faɗinta bai wuce milimita 6 ba. Facin kirki sai an zare taya daga rim an duba ciki an liƙe daga can. Igiyar robar nan da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce kawai. Zura tiyub a cikin tayar da kuiɓinta ya lalace kuwa rufe ido ne, iska za ta tsaya amma raunin na nan.

Idan an yanke shawarar canzawa, sai zaɓi na gaba, kuma a nan aljihu ke yin magana da ƙarfi: 'yar gwanjo ta babban kamfani, ko sabuwa mai araha ta kamfanin da ba a sani ba, ko a daure a sayi sabuwa mai suna.

Mai sayar da gwanjo zai buga tayar da hannu ya ce, "Malam, dubi zane, wannan ai ba ta yi komai ba." Ka auna da kanka. Idan milimita 4 ka samu, abin da ya rage maka kafin iyakar doka 2.4 ne, a kan 6.4 na sabuwa. Kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin uku. Idan ka biya rabin kuɗin sabuwa, ka sayi kowace milimita da tsada fiye da wanda ya sayi sabuwar, ga kuɗin ɗaurawa da balansin da za ka sake biya nan kusa. Wannan lissafin kuɗi ne kawai. Sauran shi ne tarihin da ba ka sani ba: ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro ta, ko ta shekara ana tuƙa ta ba iska, ko me ya sa mai ita na farko ya rabu da ita. Cinikin biri a sama ke nan. Ko a Birtaniya, inda doka ta yarda a sayar da irinsu, sai da sharaɗin zane ya kai milimita 2, babu kumburi ko yanka, an kuma buga musu tambarin cewa an yi amfani da su. Wani tarkon kuma shi ne tayoyin hunturu, waɗanda a ƙasashen sanyi ake cire su da sauran zane mai yawa. Za ka gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, da tarin 'yan siraran tsage a fuska. Robarsu mai laushi ce don sanyi aka haɗa ta, a zafi tana cinyewa da sauri, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata.

Ban ce gwanjo ba ta da rana ko kaɗan ba. Idan taya ɗaya ce ta fashe, sauran ukun sun kai rabi, samun wadda ta yi daidai da su a iri da girma da zurfin zane yana da ma'ana. Amma a kan sharaɗi: ba ta kai shekara biyar ba, an nuna maka cikinta kafin a ɗaura, babu faci kusa da kafaɗa, babu tsagewa idan aka matsa kuiɓi.

Sabuwa mai araha ta fi gwanjo da abu ɗaya babba, wato ka san farkonta. Rauninta yakan bayyana a ruwa da kuma saurin cinyewa. Akwai abin dubawa a nan ma. Tayoyin da ake sayarwa a Turai suna zuwa da takardar daraja, kamun jiƙaƙƙen titi daga A zuwa E. Na kasuwar Amurka kuma an rubuta a kuiɓinsu darajar jure zafi, A ko B ko C, A ce kan gaba. Mai araha da ta sami B a ruwa da A a zafi ba abin rainawa ba ce. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamun nan, araha ba ta ado. Kuma ko sabuwa ce a duba lambobin nan huɗu, don tayar da ta shekara huɗu a jibge a shago ta riga ta ci wani kaso na rayuwarta ba tare da ta taka ƙasa ba. Ga mai doguwar tafiya a kai a kai, sabuwa mai suna ce zaɓina, don ita ce kaɗai za a iya ja har kusa da ƙarshen zane da kwanciyar hankali. Ga mai yawon cikin gari, sabuwa mai matsakaicin kuɗi ta wadatar.

Saura nawa za a canza. Huɗu a lokaci ɗaya shi ne mafi kyau, kuma ga motar da ƙafafunta huɗu duk suna ja kusan wajibi ne, domin bambancin zurfin zane na sa ƙafafu su riƙa juyawa da gudu daban-daban, na'urar raba ƙarfi ta wahala. Sauran motoci biyu sun isa, muddin an haɗa iri ɗaya a dama da hagu. Ɗaya tilo sai idan abokiyar zamanta kusan sabuwa ce.

Idan biyu ka saya, baya za a sa su. Na san wannan ya saɓa wa abin da yawancin direbobi suka saba, suna cewa ai gaba ne sitiyari da nauyin inji. Amma ka duba abin da ke faruwa a kwana mai ruwa. Idan gaba ne ya zame, mota miƙewa take yi ta ƙi bin kwana, kuma abin da kowa zai yi ba tare da tunani ba, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganin. Idan baya ne ya zame, ɗuwawun mota ne ke kwashewa ta juya ta kalli inda ta fito, kuma direbobi kaɗan ne ke iya tare wannan. Shi ya sa manyan masu ƙera taya suke ba da shawarar mafi zurfin zane ya koma baya, ko da mota mai jan gaba ce. Mai ɗaurawa zai iya yi maka musu. Ka tsaya a kan bakanka.

Girman taya kuwa ba wurin dabara ba ne. Idan an rubuta 205/55 R16 91V, 205 faɗi ne da milimita, 55 tsayin kuiɓi ne a matsayin kaso na faɗin, 16 girman rim da inci, 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, V kuma iyakar gudu kilomita 240 a awa. Lambar nauyi da harafin gudu kada su gaza abin da mai ƙera mota ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A wannan takardar ce kuma ake samun adadin iskar da ya dace. Lambar iskar da ke kuiɓin taya kuwa iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce. A sa sabon bawul tare da sabuwar taya, a yi balansin, a duba alaimen, a auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Kilomita ɗari biyu ko uku na farko a bi a hankali, don sabuwar roba tana fitowa daga masana'anta da ɗan santsi a fuska, sai ta gogu da kwalta take kamawa sosai.